Yadda Masanin Halayya Ya Samu Gurbi A Ɗakin Yara Masu Ciwon Hanji

Karatun da nake yi na digiri na biyu a nan Ingila ya shafi aikin masanin halayyar ɗan Adam a asibiti, musamman wajen yaran da ke fama da ciwon ciki ko na hanji wanda ba ya jin magani da wuri. Aiki ne mai mutunci a yau, amma da na bi tarihinsa sai na tarar da zargi aka fara.

A 1950 wani likita a Shikago, Franz Alexander, ya fitar da littafin da ya jera cututtuka bakwai da yake ganin damuwar zuciya na da babban hannu a cikinsu, har da gyambon ciki da kumburin babban hanji. Ra'ayin ya karɓu ƙwarai. Idan mara lafiyan yaro ne, sai ido ya koma kan uwa: ko ta cika matsa masa, ko ba ta nuna masa ƙauna. A ganina wannan zalunci ne, yaro na kashin jini ana tuhumar mahaifiyarsa. A shekarar nan dai Willem Dicke na ƙasar Holan ya nuna cewa alkama ce ke lalata hanjin wasu yara. Shi kuwa gyambon ciki, sai a farkon shekarun 1980 Marshall da Warren na Ostareliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancinsa.

Asibitin kansa ma ba gidan daɗi ba ne ga yaro a lokacin. A wurare da yawa a Ingila, iyaye kan ga ɗansu na ɗan lokaci kaɗan ne a mako, wai don kada zuwansu ya sa shi kuka. A 1952 James Robertson ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti, aka ga yadda kewar uwa ke cin ta. Rahoton Platt na 1959 ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa zuwa ba ƙaidi. Abin mamaki, a gida wa zai kwantar da yaro ba mai jinya a gefensa?

Wanda ya fi burge ni shi ne John Apley, likitan yara a Biristol. A 1958 shi da Nora Naish suka binciki 'yan makaranta dubu ɗaya, suka samu kusan ɗaya cikin goma na fama da ciwon ciki mai tafiya yana dawowa. Apley ya nuna cewa a mafi yawan irin waɗannan yara gwaji ba ya gano komai, alhali ciwon na gaske ne, yana hana su barci da makaranta. Likita ba shi da abin yankewa, maganin sha kuma bai wadatar ba. Nan gurbin masanin halayya ya buɗe, kuma a 1967 Logan Wright na Amurka ya yi kira da a horar da masana na musamman domin ɗakunan yara.

Yanzu an san hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, kowanne na iya tayar da ɗan uwansa. Tun 2016 ma sunan da ƙwararru suka ba wa wannan rukuni na ciwo ke nan, matsalar hulɗar hanji da ƙwaƙwalwa. Ana koya wa yaro dabarun sassauta jiki da rage tsoron ciwon, a koya wa iyaye yadda za su taimaka ba tare da sun tsare shi a gida ba. Mai cutar Crohn kuwa, wadda ba ta warkewa gaba ɗaya, ana tallafa masa ne ya jure allura da ƙa'idar abinci, ya iya komawa aji ko da an yi masa aiki an maƙala masa jakar bahaya a ciki.

Wanda ke sha'awar aikin a Ingila, bayan digiri na farko a fannin halayya sai ya nemi gogewa a asibiti, sannan ya yi digirin dakta na shekara uku, inda ake haɗa karatu da zama da marasa lafiya.