Salif Keita, ɗan sarautar da ya shiga sana'ar maroƙa

Duk wanda ya girma a zamanin kaset, a Maradi ne, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san muryar Salif Keita ko da bai jin Bambaranci. Yau tarihinshi muka kawo muku.

An haife shi a 1949 a Joliba, wani ƙauye kusa da Bamako, a bakin kogin nan da ke ratsa Yamai. Abu biyu suka tare mishi hanya tun yana yaro. Na farko, zabiya ne: rana na ƙona mishi fata, ido bai gani sosai, mutane na ƙyamar shi. Ya so zama malamin lakkol, raunin gani ya hana. Na biyu kuwa sunan Keita. Zuriyar Sunjata ne, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, kuma a ƙasar Manding waƙa ta gidan maroƙa ce, su Kuyate da Jabate. Ɗan sarauta yi mishi waƙa ake, ba shi ke yi ba. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ce ɗan sarkin Gobir ya rataya kalangu ya shiga kasuwa, ai kun san yadda gida za ya ɗauka. Mahaifinshi bai yarda ba sam.

A 1967 ya tafi Bamako, yana waƙa a mashaya don abin sawa a baki. A 1970 ya zama mawaƙin Rail Band, ƙungiyar makaɗan kamfanin jirgin ƙasa da ke wasa a otal ɗin tasha. Can suka ɗauki tsofaffin waƙoƙin maroƙa suka ɗora su bisa jita mai lantarki da ƙahonin Turawa, da ɗan ƙamshin kiɗan Kiyuba da ke tashe lokacin. A 1973 ya koma Ambassadeurs, wajen Kante Manfila, makaɗin jita ɗan Gine, ya bar ma Mory Kante wurinshi.

A 1978 ƙungiyar ta ƙaura Abijan, aka ɗauki "Mandjou". A ganinmu bai taɓa yin waƙar da ta fi ta daɗi ba, kuma bai yi wadda ta fi ta nauyi ba. Yabon Seku Ture ne, shugaban Gine, wanda ya ba shi lambar girma a 1977, lokacin da manya da yawa ba su ko kallon zabiya. To amma a wannan shekara ta 1977 ne Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu da yunwa a kurkukun Camp Boiro na Seku Turen. Ɗan sarauta ya yi aikin maroƙi sak: wanda ya karrama ka shi kake wasawa, ba ruwanka da sauran. Har yau in muka sa ta a rediyo, daɗin da wannan tunani tare suke zo mana.

Ya koma Paris a 1984. Faifan "Soro" na 1987, da Ibrahima Sylla ɗan Senegal ya ɗauki nauyi, shi ya fidda shi duniya. Injinan kiɗa ne fal a ciki, muryar kuwa ta tsohon maroƙi ce, tana tsaga su ta wuce. "Amen" na 1991 da Carlos Santana aka yi shi. "Africa" ta 1995 kuwa ba wurin rawar da ba ta shiga ba. Daga nan dai injin ya fara fin ƙarfin waƙar, gaskiya "Papa" na 1999 bai kama mu ba.

Sai ya dawo gida Bamako. "Moffou" na 2002 ya aje hayaniya, ya koma ga jita marar lantarki, ƙwarya da ngoni, ɗan uwan molonmu. Cikinshi ne ya yi "Yamore" da Cesaria Evora ta Kap Ber. Wani abin dariya, "Madan" daga wannan faifan ne Martin Solveig, Bafaranshe, ya sake cika ma injin, ta koma gidajen rawa.

Sai da ya manyanta ya buɗe baki sosai kan zabiyanci, da gidauniyarshi da faifan "La Différence" na 2009. A 2018 aka kashe wata yarinya zabiya 'yar shekara 5 a garin Fana, ya je can ya yi wasa don tunawa da ita, ya kuma fidda "Un autre blanc", ya ce na ƙarshe ke nan.

Siyasa ta sake biyo shi. Ya shiga majalisar riƙon ƙwarya ta Mali a 2020, a 2023 ya zama mai ba Assimi Goita shawara. Wasu sun yaba, wasu suka tuno "Mandjou". Faifan ƙarshen ma bai zama na ƙarshe ba: a 2025, yana da shekara 75, ya fidda "So Kono", kusan murya da jita kaɗai.