Daga Leppi Zuwa Naira: Ɗalibin Ilmin Kuɗi a Tsakanin Jimeta da Girei

A watan Yuni na 1851 Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Yola, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa garin. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, amma a 'yan kwanakin da ya yi a ƙasar Fombina ya lura da wani abu: wuri, wanda shi ne kuɗi a Kano, ba ya ciniki a nan. Da ƙyallen saƙi ake saye da sayarwa, watau abin da Fulani ke kira leppi. Da wannan na ga ya dace in fara, domin tarihin mai karatun sha'anin kuɗi a wannan yanki ba ya rabuwa da tarihin kuɗin da ke aljihunsa.

Jimeta bakin kogi ce, kuma ciniki ne ya raya ta. Tun kafin Ingilishi su ci Yola a 1901, 'yan Kamfanin Neja sun girke wani tsohon jirgin ruwa a Binuwai suna ciniki a cikinsa. Daga baya jirage suka riƙa hawowa da damina, su sauke gishiri da yadi, su ɗebi gyaɗa da auduga. Akawun kanti, mai biro a kunne da littafin lissafi a hammata, shi ne kakan ɗalibin da muke magana a kansa. Fada da malamai suna Yola, kuɗi kuwa suna Jimeta, kuma har yau wannan rabo bai gushe gaba ɗaya ba.

Jami'a ta zo a makare. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola a 1981, aka haɗe ta da ta Maiduguri a 1984, sa'an nan aka mayar mata da 'yancinta a 1988. A 2011 ta ɗauki sunan Modibbo Adama, a 2021 kuma aka cire mata takunkumin fasaha zalla. Mazauninta yana Girei, a hayin kogi bisa hanyar Mubi, wannan kuwa shi ya tsara yinin ɗalibi fiye da kowane jadawali.

Dalili shi ne, mai neman digiri na biyu a fannin kuɗi galibi ba yaro ba ne. Ma'aikacin banki ne a Jimeta, ko akanta a sakatariyar jiha, ko malamin kwaleji, mai mata da 'ya'ya da ƙanne a wuyansa. Da asuba zai bar kuɗin cefane, ya yi aikin ofis, sa'an nan ya tsallaka gada ya nufi aji, a cikin zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Ya dawo da almuru, ya tarar babu wuta, ya buɗe littafi a gaban fitila. A da kuɗinsa a wurin mai hoton takardu suke ƙarewa, domin littafi ɗaya ne ke zagaya aji. Yau a sayen data suke ƙarewa. Ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Karatun shekara biyu sai ya koma uku, rijista kuwa ba ta jira.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda darasin ke bin ɗalibi har gida. Wanda ya ga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP aka fara gwanjon kuɗin waje, bai bukaci a fassara masa faɗuwar darajar kuɗi ba: naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta wayi gari sai an tara fiye da huɗu. Na bayansa sun ga an rufe bankuna 26 a Janairun 1998. Waɗanda suka biyo su sun ga Charles Soludo ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma a cikin ajin akwai waɗanda aikinsu ya tafi da wannan haɗewa. A farkon 2023, da aka sauya fasalin naira, ɗalibin da ke rubuta babi a kan manufofin Babban Banki shi ne ke layin mai POS yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa, don ya sami na mota zuwa Girei.

Duk da haka, a kundayen da suka biyo ta hannuna, wannan rayuwa ba ta cika shiga takarda ba. Za ka ga nazari a kan kasuwar hannun jari ta Legas, an jero sunayen masanan Amurka, alhali mai rubutun da adashin ofis ya biya kuɗin makaranta. Ba ya tambayar yadda uwar adashi ke riƙe amanar mutum ashirin ba tare da takarda ba, ko yadda dillalin shanu a kasuwar Ngurore ke ba da bashi a kan kalma. Batun riba ma, wanda ke hana wasu ɗaliban barci, sai bayan buɗe bankin Jaiz a 2012 ya sami kujera sosai a teburin bincike.

Na taɓa tambayar wani ɗalibi, akanta mai furfura, ko ya san abin da ake kira leppi. Ya ce kakarsa takan ambaci kalmar in tana zancen sadakin mutanen da, amma bai taɓa zaton kuɗi take nufi ba. Ya duba agogo, ya ce motar ƙarshe ta kusa tashi, ya tattara takardunsa.