Katin jam'iyya a Zangon Kumasi: daga Alhaji Amadu Baba zuwa zaɓen fid da gwani

 A shirin da ya gabata an yi maganar wata al'ada ta Amurka: mutumin da ba ya cikin kowace jam'iyya, in zaɓen fid da gwani ya matso, sai ya je ya sa a rubuta shi ɗan jam'iyya kaza don ya samu jefa ƙuri'a. A jihohi irin su Florida da Pennsylvania, wanda bai yi haka ba sai dai kallo. A 2022 Liz Cheney ta roƙi 'yan Dimokuradiyya na jihar Wyoming su sauya rajista su zaɓe ta a fid da gwanin 'yan Rifablikan. Ta sha kaye, kuma a 2023 jihar ta yi dokar toshe wannan ƙofa.

To mu a Ghana katin zaɓe ba ya ɗauke da sunan jam'iyya. Amma kada ka ce abin bai shafe mu ba. Inda jam'iyya ɗaya ta yi kane-kane, ranar fid da gwani ake gama zaɓe, na Disamba cika ƙa'ida ne kawai. Dubi mazaɓar Asawase, wadda ta haɗa Aboabo da Sawaba: tun da aka ƙirƙiro ta a 2004 tana hannun NDC, kuma Muntaka Mubarak ke riƙe da kujerar tun zaɓen cike gurbi na 2005. Mai son canza wakili a can, sai ya shiga ɗakin da ake yanke shawara.

Mutanen Zango sun daɗe da sanin haka, sun kuma biya kuɗinsa da tsada. A 1954 Musulmin Accra da Kumasi suka mai da ƙungiyarsu jam'iyya mai suna Muslim Association Party. A Satumbar wannan shekara aka kafa NLM a Kumasi, jam'iyyar Asantawa masu neman mulkin tarayya, sai jam'iyyar Musulmi ta haɗa kai da ita a kan CPP ta Kwame Nkrumah. Zango ya dare biyu: ɓangaren Alhaji Amadu Baba, wanda fadar Asantehene ke mara wa baya, da ɓangaren Malam Mutawakilu da ke tare da CPP. Ka lura, rigimar sarautar Zango ce ta sa rigar siyasa. Bare mai cinikin goro da shanu dole ya yi lissafi: filin da yake zaune a kai na sarakunan Asante ne, amma 'yan sanda da takardun zama na gwamnatin Accra ne. Wa zai ɓata wa?

A zaɓen 1956 jam'iyyar Musulmi kujera ɗaya ta samu, CPP ta kwashe 71 cikin 104. Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lalemi zuwa Najeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu a nan. Sarautar Zango ta koma hannun Mutawakilu. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila, jam'iyyar Musulmi ta narke cikin United Party ta Dokta Busia. Har gobe tsarin mulkin 1992 yana riƙe da wannan hani.

Ga inda abin yake da ciwo. Busia ɗin da mutanen Amadu Baba suka sha wuya dominsa, shi ne ya zama Firayim Minista a 1969, kuma ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Dubban mutane suka karyar da gidaje da rumfuna suka nufi Najeriya da Nijar da Upper Volta, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Tambayi dattawan Aboabo, ba su manta ba. Wannan tabo na cikin abin da ya sa Zango ya karkata ga NDC bayan 1992, domin NPP daga gidan Busia ta fito. Ita ma NPP ta sani, shi ya sa ta kafa reshen Nasara, ta yi asusun raya Zango a 2017, sannan a Nuwamba 2023 ta tsayar da Mahamudu Bawumia takarar shugaban ƙasa.

Abin da ya fi kama da na Amurka ya faru ne a 2015. NDC ta ce ba daliget kaɗai ba, duk mai katin jam'iyya da aka ɗauki hoton yatsunsa zai jefa ƙuri'a a fid da gwanin Nuwamba. Nan take kati ya yi daraja, 'yan takara suka shiga rige-rigen kai mutane rajista. Sai ƙorafi ya biyo baya: wasu sun nemi sunansu sun rasa, wasu kuma suna zargin 'yan adawa sun kutso don su zaɓa wa jam'iyyar ɗan takara mai rauni. Bayan faɗuwar 2016 jam'iyyar ta ajiye wannan rajista ta koma ga daliget, wato shugabannin rassa. Ni a ganina an yi gaggawa. Daliget kaɗan sun fi sauƙin saye a kan unguwa guda, kuma kowa ya san me ake rabawa a daren jajibiri.

Yanzu ke nan kati kaɗai ba ya kai ka akwatin fid da gwani. Sai ka ci muƙami a reshen unguwarku in NDC ce, ko a rumfar zaɓe in NPP ce, kuma waɗannan ƙananan zaɓuka ana yin su ne tun babban zaɓe na nesa, lokacin da kai kana hanyar Paga ko Aflao, ko kana daji da dabbobi. Shi ya sa in an zo maganar burtali ko harajin kara ko shingayen kan hanya, da wuya ka ga naka a ɗakin.

Sai dai ka riƙe abu ɗaya: doka ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke shiga jam'iyya a Ghana. In takardarka ta Nijar ce ko Burkina Faso ko Najeriya, kana iya shiga da fita da neman halal, amma ba ka da ƙuri'a. Ɗan siyasar da ya ce ka zo a yi maka kati ba zai raka ka ofishin shige da fice ba. In kuwa kai ɗan ƙasa ne, fara gyara Ghana Card ɗinka da na iyalinka, sannan ka tambayi sakataren reshen unguwarku yaushe za a sabunta rajista.