Daga Kora Zuwa Rukuni: Tarihin Raba Aji a Tseren Kekuna Masu Kwanso

Ranar 7 ga Yulin 1933, a filin tseren keke na Parc des Princes da ke birnin Paris, wani Bafaranshe mai suna Francis Faure ya ci kilomita 45.055 cikin awa ɗaya. Tun 1914 babu wanda ya iya wuce kilomita 44.247 da Oscar Egg, mutumin Suwizalan, ya yi. Faure kuwa ba ya cikin manyan zakarun zamaninsa. Kekensa ne ya bambanta da na kowa. A kishingiɗe yake a kansa, bayansa jingine da kujera, ƙafafunsa miƙe a gaba suna murza feda. Wanda ya ƙera keken, Charles Mochet, dama ya yi suna wajen ƙera ƙananan motoci masu ƙafa huɗu da ake tuƙawa da feda, waɗanda ya sa wa suna Velocar.

Sirrin yana cikin iska. Idan mai keke ya kai gudun kilomita 40 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, akasarin ƙarfinsa, sama da kashi 80 cikin ɗari, wajen ture iska yake tafiya. Wanda ke zaune bisa sirdi da ƙirjinsa yake tarar iskar, wanda ya kishingiɗa kuwa ratsa ta yake yi.

Sai gardama ta kaure: wannan abu keke ne ko ba keke ba ne? A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, ta yanke hukunci. Ta rubuta sabon ma'aunin abin da za a kira keke, har da sharaɗin cewa bakin sirdi kada ya ja baya fiye da santimita 12 daga inda feda ke juyawa. Babu keken kishingiɗe da zai cika wannan sharaɗi. Aka cire bajintar Faure daga babban kundi, aka amince da kilomita 44.777 da Maurice Richard ya yi a keken gargajiya. Mochet ya rasu a wannan shekarar. Tun kafin nan ma, a 1914, hukumar ta haramta kwanson da ake lulluɓe keke da shi don ya tsaga iska, bayan Marcel Berthet ya nuna abin da kwanso zai iya yi.

A ganina hukumar tana da hujja, amma ta yi amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Gaskiya ne tsere tsakanin mai kwanso da marar kwanso ba tsere ba ne, ruwa ba sa'an kwando ba. Sai dai maganin wannan shi ne a ware wa sabon abu ajinsa a ba shi daraja, ba a tura shi bayan gida ba. Sakamakon hukuncin shi ne kusan shekara arba'in masana'antu da manyan mahaya suka juya wa keken kishingiɗe baya. Ɗan Mochet, Georges, bai haƙura ba. Ya yi wa keken kwanso, kuma a 1939 Faure ya yi kilomita 50.537 a awa ɗaya. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya binne labarin.

A Amurka aka farfaɗo da shi. Chester Kyle, malamin injiniyanci a jami'ar Long Beach ta jihar Kalifoniya, da abokinsa Jack Lambie, sun shirya gasar farko a 1975, sannan a 1976 aka kafa ƙungiyar IHPVA ta masu ababen hawa da ƙarfin ɗan'adam ke tuƙawa. Dokarsu gajera ce: ka ƙera yadda ka ga dama, muddin babu inji, babu ƙarfin da aka tara aka ajiye, sai abin da jikinka ya bayar a lokacin. A 1986 Fred Markham ya haura kilomita 105 a awa cikin keken Gold Rush na Gardner Martin, ya ci kyautar dala 18,000 da kamfanin DuPont ya sa.

Abin lura shi ne, waɗanda suka gudu daga takurar doka su ma ba su daɗe ba suka ga dole su raba aji. Idan komai ya halatta a tsere ɗaya, mai cikakken kwanso ne zai riƙa lashewa kullum, wanda ya zo da kekensa na zuwa aiki kuma ba zai sake dawowa ba. Don haka ƙungiyoyi a Birtaniya da Amurka da sauran wurare suka fara rabawa bisa abin da ya fi tasiri a gudu. Akwai ajin mai cikakken kwanso, da mai rabin kwanso, da marar kwanso. Akwai na masu ƙafa uku ko huɗu, domin sun fi faɗi da nauyi amma ba sa saurin faɗuwa. Sannan aka dubi mahayin: maza, mata, matasa, masu tuƙi su biyu ko fiye, da masu tuƙi da hannu, ajin da ya buɗe wa naƙasassu ƙofa. A Ostareliya, gasar Pedal Prix da ake ƙarewa da tseren awa 24 a Murray Bridge, bisa matakin makaranta take raba yara.

Hatta wuri da yanayi an yi musu ma'auni. Tun 2000 ake taruwa a Battle Mountain ta jihar Nevada, a kan titi mai lamba 305, a tudun da ya haura mita 1,400 inda iska ba ta da kauri. Mahayi yana da kusan kilomita 8 ya tara gudu, amma mita 200 na ƙarshe kawai ake auna masa. Idan iskar gari ta wuce mita 1.66 a daƙiƙa, ba a karɓar sakamakon. Can Todd Reichert na Kanada ya yi kilomita 144.17 a awa a 2016, kwance cikin kwanson da ba shi da taga, yana kallon hanya ta kyamara da ɗan allo. Idan ya gama sai mutane sun tare keken sun buɗe shi kafin ya fito. A ajin mata Ilona Peltier ta Faransa ta haura kilomita 126 a awa a 2019.

Ita ma UCI matsalar ta dawo mata ta wata ƙofa. Bayan Graeme Obree da Chris Boardman sun zo da sababbin salon zama, har Boardman ya yi kilomita 56.375 a 1996, hukumar ta raba kundin awa ɗaya gida biyu a 2000, ta koma ga kilomita 49.431 na Eddy Merckx na 1972. A 2014 ta sake haɗe su. Yau Filippo Ganna ke riƙe da kilomita 56.792, alhali Francesco Russo ya yi sama da kilomita 92 a awa ɗaya cikin kwanso a 2016.

Inda har yanzu ake kai ruwa rana shi ne ajin tsakiya, wato na rabin kwanso. Akwatin kaya mai tsini a bayan kujera, kwanso ne ko ma'ajiya? Murfin da ke rufe wayoyin ƙafar keke fa? Kowace ƙungiya da nata amsar, shi ya sa keke ɗaya kan canza aji idan ya tsallaka iyaka. Ga kuma haɗarin yawaita rukunai a taron da mahaya ba su da yawa, har mutum biyu su zama aji guda, kowa ya koma gida da kofi. Masu shirya gasa su rubuta ma'aunin kwanso da abin da za a iya aunawa da awo, su bayyana shi kafin mutane su kashe kuɗi wajen ƙira, kuma kada su buɗe sabon aji sai akwai isassun mahaya da za su yi takara ta gaske a cikinsa.