Dalilin Aure: Daga Dillaliya Zuwa Wayar Hannu

Dalilin aure sana'a ce ta haɗa mai neman mata da mai neman miji, kuma tun asali ba 'yan mata ne suka fi buƙatarta ba. A da, budurwa ana ganinta a dandali ko wurin talla, ko kuma iyaye su ba da ita a cikin dangi tun ba ta cika shekara ashirin ba. Masu buƙatar dalili su ne bazawarar da ta gama idda tana zaune gidan iyayenta, da magidancin da matarsa ta rasu, ko mai son ƙarin aure wanda girma ya hana shi tsayuwar zance kamar saurayi. Jama'a kuwa ba sa barin marar aure ya sake. A Kano har akwai Nalako, mai kamun gwauraye da azumi.

Aikin ya daɗe a hannun tsofaffin mata, musamman dillalai. Dillaliya ce ke shiga gidajen kulle da ƙullin atamfa da kwanuka, ta zauna a tabarma a yi ciniki, a yi hira. Kafin ta tashi ta san wace ce aurenta ya mutu, me ya kashe shi, 'ya'ya nawa ta fito da su, da yadda take amsa wa mahaifiyarta. Idan aure ya ɗauru a ba ta tukuici. Jarinta na gaske shi ne amana, domin in ta yabi mutum aka iske mashayi ne ko mai duka, ƙofofin unguwar sun rufe mata ke nan.

Da birane suka bunƙasa, maza suka shigo sana'ar, suna yawo da hotuna, suna karɓar kuɗi tun kafin a daidaita. Masu neman ma suka sauya. Mace ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta kama aiki, sai ga ta a bakin talatin ba ta taɓa aure ba, kuma babu dandalin da za a gan ta.

Hukuma ma ta shigo. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisbah ta Kano ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, bayan tantancewa da gwajin lafiya. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda.

Haɗa mutane ta na'ura kuwa ya yi ƙarfi ne a Amurka. A 1965 wasu ɗaliban Jami'ar Harvard suka ƙirƙiro Operation Match: mutum ya cike takardar tambayoyi, ya biya dala 3, kwamfuta ta fitar masa da sunayen waɗanda suka dace da shi. Match.com ya fito a intanet a 1995, Tinder a 2012. Yawancinsu an gina su ne kan soyayya, ba lallai aure ba, shi ya sa Musulmi suka nemi nasu. Shahzad Younas ya fitar da manhajar Muzmatch a Birtaniya a 2015, wadda ta koma Muzz a 2022. A cikinta mace na iya ɓoye hotonta, ta kuma sa waliyyi ya riƙa ganin hirar.

Wayar salula ta shigo Najeriya sosai daga 2001, amma maimakon irin waɗannan manhajoji, Hausawa sun fi karkata ga shafukan Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp da masu dalili suka buɗe. Sanarwar takan zo ba suna ba hoto: shekaru, gari, aiki, rukunin jini, yawan 'ya'ya, da ko za ta zauna da kishiya. Wanda ya ga ta yi masa sai ya tuntuɓi mai shafin. Wannan ya taimaki mata masu kunya ƙwarai, ya kuma haɗa bazawarar Zariya da ma'aikaci a Abuja waɗanda da ba za su taɓa jin labarin juna ba.

Raunin tsarin shi ne mai shafi bai taɓa taka gidan kowa ba. Abin da aka rubuto masa kawai ya sani. Ta nan mayaudara ke shiga: mai mata biyu ya ce shi gwauro ne, wani ya ja mace da hira wata da watanni sannan ya nemi rance. Don haka waɗanda suka taɓa ɗanɗana aure suka fi zaɓar shafin da ke tantance masu rajista, yake neman lambar waliyyi, ba ya sakin hoto sai ɓangarorin biyu sun yarda. Idan magana ta yi nisa, kawu ko yaya yakan je unguwar manemin ya tambayi maƙwabta da limamin masallaci, sannan a je asibiti gwajin jini kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.