Ɗalibin Arewa a Ibadan: Sabawa da Baƙon Wuri

Ɗalibin da ya taso a Jos, Kaduna ko Yola, ya sami gurbin karatu a Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, yakan tarar da bambanci ta fuskoki huɗu.

Yanayi: Damina takan fara tun Maris ko Afrilu, ta kai Oktoba. Laima tana sa tufafi da littattafai funfuna, sauro kuma ba ya ɗaukewa. Gidan sauro wajibi ne.

Abinci: Maimakon tuwo da miyar kuka, za a sami amala da ewedu, wato lalo, da gbegiri, miyar wake.

Gaisuwa: Wurin Yarabawa, yaro yakan kwanta rub-da-ciki gaban babba, yarinya ta durƙusa. Idan baƙo ya rusuna ya ce "E kaaro" da safe, ya sami shiga.

Harshe: Yarbanci ne ya fi yawa a kasuwa, sujada kuma da Yarbanci ko Turanci. Mai kewar Hausa zai ji ta a unguwar Sabo.

Babban haɗarin shi ne kaɗaici. Ɗalibin da ya maƙale wa 'yan gida kaɗai yakan gama karatu yana nan baƙo. Gara ya nemi aboki ɗan gari tun zangon farko.