Me Ya Sa Kakanninmu Ba Su Ajiye Cinya Sukutum Ba?

Idan ka taɓa ganin hoton shagunan nama a Sifen ko Italiya, ka ga cinyoyi rataye reras, wasu sun shekara, wasu sun shekara biyu, ba firji ba komai. Cinyar alade ce, ba cimarmu ba ce, amma tambayar da take tayarwa tamu ce: me ya hana a yi wa cinyar ragon layya haka a Warra ko Yauri?

Dabarar ta tsufa. Wajen shekaru 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani Barume mai suna Kato ya rubuta ta a littafinsa na noma: a binne cinya cikin gishiri kwana 12, a rataye ta ta sha iska, a yi mata hayaƙi kwana 2, a shafe ta da mai da ruwan tsami. Sai dai akwai abin da ke yin rabin aikin ba a gani, wato sanyi. A tsakiyar hunturunsu suke yanka.

Ka san nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, kuma ruwan nan ƙwayoyin cuta ke nema. Gishiri yana zuƙe shi, amma tafiyar hawainiya yake yi. Kafin ya ratsa katuwar cinya ya kai ƙashi sai an yi makonni. A Turai sanyi ke riƙe ƙwayoyin har gishiri ya iso. To a bakin Kainji fa, inda zafin bazara ke taɓa digiri 40? Ai kafin gishiri ya shiga ɗan yatsa guda, ruɓa ta fara daga jikin ƙashi. Waje lafiya lau, ciki ya tafi.

Ga kuma tsadar gishirin kansa. Kafin zuwan na Bature, daga nesa fatake ke kawo shi, daga Bilma ko daga kwarin Foga da ke Nijar ta yanzu. Yauri tana kan hanyar fataken Gwanja, gishiri yana biyowa, amma wa zai binne cinya guda cikin abin da ake auna wa miya da ɗan yatsa?

Shi ya sa mutanenmu suka juya lissafin. Maimakon a jira gishiri ya shiga, sai a gajarce wa ruwa hanyar fita. Kilishi kenan: a feɗe tsoka falle-falle kamar takarda, rana ta busar da ita cikin yini guda, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. Banda ma haka take. Gungawa da Sarkawan da ke su a kogin Kwara ba sa ɗora ƙatuwar giwan ruwa kan wuta yadda take. Gunduwa-gunduwa ake yi, ƙananan tarwaɗa kuma a naɗe su. Zafi ya kori ruwa, hayaƙi ya bar sinadarai a fata masu hana ƙwayoyin cuta sakewa, ƙuda ma ya rasa wurin yin ƙwai. A ganina wannan ba ƙaramar fasaha ba ce, don ba ta buƙatar hunturun da ba mu da shi.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya ci garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutum kusan 44,000. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, masunta suka yi ta kwararowa, sai matsalar ta zama ta ajiya: ga kifi, ga nisan kasuwa har Anaca, ga itace yana ƙaranci. Cibiyar binciken da ke Sabuwar Busa, wadda yau ake kira NIFFR, ta daɗe tana gwada murhunan banda masu cin itace kaɗan. Ƙananan kifin nan da ake cewa warangi kuwa, rana kawai ta ishe su.

Amma banda ba ta gama magana. Bayan makonni sai wani ƙwaro ya shigo, tsutsarsa ta cinye tsoka ta bar maka fata da ƙaya, musamman da damina idan kifi ya sake shan laima. Maganin dā shi ne a mayar da shi kan wuta lokaci-lokaci. Yau wasu 'yan kasuwa maganin ƙwari suke fesawa, irin na gona, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Idan ka ga tarin kifi a kasuwa ko ƙuda ɗaya bai kusance shi ba, yi tambaya kafin ka ciro kuɗi.

Cinyar layyarka kuwa, in ba ka da tabbacin wuta a firji, kada ka rataye ta sukutum don wajenta ya ƙyafe. Zare ƙashin a ranar, shi ya tafi tukunyar farfesu. Tsokar a yanka ta ƙanana, a soya har ruwanta ya ƙone, ko a kai wa mai kilishi.